Tabon Dutsen Gugana Yana Cikin Fim Ɗinka

Sampaloc, Manila
Laraba, da hantsi

Cleto nawa, maigidana, inuwar mangwarona a watan zafi, ruwan kwakwata mai sanyi, iskar da ke tasowa daga teku ta ɗaga mini labule! Mai yatsu goma da babu irinsu daga nan har ƙarshen tsibiran ƙasar nan! Tsohona mai taurin kan tsiya, wanda na fi so a kan idona na dama, alhali shi ne ma mai gani sosai. Ina gaishe ka, ina sake gaishe ka, gaisuwar da in da ruwa ce, da ta cika kogin Pasig ta tumbatsa har ƙofar ɗakinka.

Ni ce Petring, matarka. Ka san wannan ba rubutuna ba ne, ni da ban taɓa zama a aji ba. Saling maƙwabciyarmu ce riƙe da biro, muna kan bencin ƙofar shagonta, ina faɗa tana rubutawa, tana kuma sa mini baki a inda ba a tambaye ta ba. Yanzun nan ta ce, "Kumare, aminiyata, inuwar mangwaro kuma? Mutumin da ko gashi ɗaya bai rage a kansa ba, da me zai yi miki inuwar?" Na ce ta rubuta yadda na faɗa, tunda ba ita ta zauna a ƙarƙashin inuwar shekara hamsin da bakwai ba. Ta ce to har wannan ma sai ta rubuta. Ga shi ta rubuta ɗin.

Sista Amparo, na san ke za ki karanta masa, tunda idonsa ya yi rauni. Don Allah ki zauna ta ɓangarensa na hagu, kunnen nan ya fi ji. Kada ki tsallake komai, ko kin zo wurin da ya yi wa bakin mai hidimar Allah nauyi. In ya juya fuskarsa bango, ki ci gaba, yana ji. Haka yake yi tun yana saurayi.

Cleto, Lahadi uku ke nan. Lahadi uku ina hawa motocin haya na jifni biyu, in tsallake kogi, tukunyar miyar tsamiya da kifi a kan cinyata tana ƙona ni, in iso gidan tsofaffin nan da ka shekara a ciki, Sista ta tare ni a bakin ƙofa tana kallon ƙasa, ta ce, "Nanay Petring, ya ce yau ba ya ganin kowa." Kowa? Ni ce kowa? Ni da na san yawan cokalin shinkafar da kake ci kafin ka fara ƙorafin gishiri? Na bar tukunyar na juyo. Ban sani ba ko ka sha miyar, ko kuliyoyin Sista ne suka yi biki.

Tsoro nake ji, mijina. Ka bari in faɗa sau ɗaya da babbar murya: tsoro nake ji! Ko shekarar da ruwa ya ci layinmu har wuya ban ji irin wannan ba, don a lokacin kana gefena kana zagin gwamnati. Shekararka tamanin da uku. Ɓarin jikinka na dama ya shanye. Allah bai ba mu haihuwa ba, ni da kai ne kawai, kamar takalmi ƙafa biyu. Abin da ke hana ni cin abinci shi ne in zo wata Lahadi in tarar an naɗe katifarka, an buɗe taga, a ce mini ka tafi, kuma maganarka ta ƙarshe a kaina ita ce ba ka ganin kowa. Da wace ƙafa zan hau jifni in dawo?

Na san dalilin da ya sa ka rufe ƙofa. Tsaya in faɗa maka yadda aka yi daga farko, don na san rabin labarin kawai aka kai maka.

Wata guda da ya wuce wata mata ta zo nemana, Misis Tolentino, 'yar siririya mai tabarau, daga wurin masu adana tsofaffin finafinai. Ta ce sun samo fim ɗin nan naka, Taga Mai Kallon Kogi, a wani ɗakin ajiya, sun wanke shi hoto bayan hoto har ya fito tas. Ta ce da ya fito tas ɗin ne suka lura hannuwan da ke kaɗa piyano ba na jarumin fim ɗin ba ne, kuma akwai wani tabo a bayan wuyan hannun hagu da ba su san asalinsa ba. Suka yi ta neman tsofaffin ma'aikatan kamfanin, duk sun mutu, saura mai guga. Ni ke nan. Ta buɗe kwamfutarta a kan bencin nan da muke zaune, ta kunna.

Wayyo Allah, Cleto! Kiɗan nan!

Kai ka koya mini sunansa, konsiyerto, na yi wata guda ina cije harshe kafin na iya faɗa. Ka ce piyano ɗaya ne da taron makaɗa suna magana da juna. Ni ban san wannan ilimin ba. Abin da na sani, na san kiɗan nan ta cikinsa, yadda mai guga ke sanin riga ta wajen ɗinkinta. Ɗakin da kamfanin fim ya ba ka kana rubuta shi, bangon katako ne kawai tsakaninsa da ɗakin gugarmu. Wata uku ina jin sa kafin na taɓa ganin fuskarka. Na ji shi yana rarrafe, na ji shi yana faɗuwa, na ji ka maimaita wuri ɗaya sau talatin har ka daki haƙoran piyanon da tafin hannu ka ce, "Shashasha!" Ban san da wa kake ba, da kanka ko da piyanon. Nakan yi dariya ni kaɗai a kan rigunan mutane.

Ka tuna yadda yake farawa? Ai kai ka yi shi, amma bari in faɗa maka yadda yake shiga kunnen wadda ba ta je makaranta ba. Shiru tukuna. Sai piyano ya buga shi kaɗai, can ƙasa inda muryarsa ta yi kauri, kamar mutum tsaye a ƙofar gidan da ba a son ganinsa. Ba wanda ya amsa. Ya sake bugawa. Shiru. Ya buga na uku, a hankali, har ka ce ya haƙura zai juya. A na huɗu ne ƙofar ke wangalewa, masu goge su kwararo gaba ɗaya kamar ruwan farko na damina a kan kwanon rufi, masu ƙaho su biyo baya, ganga ta yi gurnani daga nesa kamar hadari a kan teku. Duk gashin jikina sai ya miƙe. Sau nawa na ji shi? Ba zan iya ƙirgawa ba. Amma har yau, tsakanin bugu na uku da na huɗu, numfashina tsayawa yake yi, kai ka ce wannan karon ba za a buɗe ba.

Daga nan sai gardama. Piyano ya faɗi tasa, su mayar masa da ita da ƙarfi. Ya lallaɓa, su yi taushi. Ya gudu sama kamar tsuntsu, su bi shi da igiya su jawo shi ƙasa. Mutum ɗaya da mutum sittin, amma ko sau ɗaya ba su danne muryarsa ba! Wa ya koya maka wannan, ɗan mai gyaran kekuna? Daga ina ka samo shi, kai da takalminka ɗaya ne a lokacin?

Sai kashi na tsakiya, mai tafiya a hankali. Nan ne nake mutuwa in dawo. Hannun hagu yana tafiya yana dawowa, yana tafiya yana dawowa, ba gaggawa, ba gajiya. Na dama yana zubo ƙananan sauti ɗaya-ɗaya, kamar ɗigon ruwa daga yatsu. Can sai sarewa ta taso siririya ta yi sama ta ɓace, kamar tururi. A fim ɗin, nan ne yarinyar ke tsaye a taga tana jin saurayin da iyayenta suka hana ta yana kiɗa a ƙetaren kogi, duk silima ana sharar hanci. Ni kuwa tun ina bayan bango, da ka zo wurin nan sai in ga hannuna yana bin sa da kansa a kan tufa. Gugar da na yi da kiɗan nan ba a taɓa dawo mini da ita ba. Ban taɓa tambayar kaina dalili ba.

Na ƙarshen kuma, ina! Ranar bikin unguwa ce, an rataya tutoci, yara sun tsere daga makaranta, piyano a gaba da gudu, jama'a suna binsa suna haki. Kuma a daidai lokacin da ka ce an gama, sai waƙar nan ta tsakiya, mai kunya, mai sanyi, ta dawo sanye da kayan biki, kowa da kowa yana ɗauke da ita a ka. In ta iso nan, ko a gaban wa nake, sai na miƙe tsaye.

Saling ta ajiye biro. Wai hannunta ya gaji, wai kuma ana jiran ta a ba da man girki. Ƙarya ne, hancinta ya yi ja. Yanzu Maestra Luding ce ta karɓa, wadda ta koyar da rabin layin nan karatu kafin ta yi ritaya. Ta duba abin da aka rubuta ta ce ba a sa "taurin kan tsiya" a wasiƙar soyayya. Na ce Maestra, ba ki zauna da shi ba. Ta ce ta ji, amma waƙafi nata ne, ba ruwana da shi.

Na dawo gare ka, hasken idona.

Ka tuna ranar da aka ɗauki hoton hannuwanka a fim ɗin? Jarumin nan mai man gashi, ko bambancin farin haƙorin piyano da baƙi bai sani ba. Shi za a nuna fuskarsa yana lumshe ido yana kaɗa kai, kai kuma a nuna hannuwanka. Don haka aka sa maka rigarsa ta barong, ta zaren abarba, don bakin hannun ya zama iri ɗaya. Ka zauna, an kunna fitilu, sai darakta ya hango bakin hannun hagu ya ɗan tattare. Ya yi tsawa, "Ina mai guga? A kawo mai guga! Ba lokacin cire riga, ta goge ta a jikinsa!" Na shigo da dutsen gugana cike da garwashi. Ranar na fara ganin mutumin bayan bango. Siriri, kunnuwa manya, ido kamar na ɗan maraƙi. Na cusa tsumma a ƙarƙashin bakin rigar, na ɗora dutsen. Sai ka ce a hankali, "Ashe ke ce mai dariyar nan." Na ɗago in kalle ka. Tsumman ya zame.

Na ji ƙaurin fata, Cleto. Da ka yi ko tari, da a ranar an kore ni, in koma ƙauye a motar kifi. Ba ka yi ba. Ka ja iska ta hanci, ka kalli darakta ka ce, "Ta yi kyau, a fara." Mai kwalliya ta shafa hoda a wurin ba tare da ta tambayi komai ba. Kuma wurin da aka ɗauka shi ne inda duk makaɗa ke yin shiru a bar piyano shi kaɗai, ya hau ya sauka, ya yi kuka ya rarrashi kansa. Sau shida aka maimaita! Ina laɓe bayan labule, ina ganin gumi yana ɗiga daga haɓarka, yatsunka kuwa suna yawo kamar ƙananan kifaye a ruwa mai haske, ko ɗaya bai yi tuntuɓe ba. Wane irin mutum ne wannan? Wane irin mutum ne za a ƙona shi ya mayar da zafin ya zama abin da mutane za su biya su ji? A bayan labulen nan na aure ka a zuciyata. Abin da Fada ya yi a coci daga baya, shaida ce kawai.

To ga tabon nan a kwamfutar Misis Tolentino, ɓaro-ɓaro, mai siffar hancin dutsen guga. A da hoton ya yi duhu, ba a ganinsa. Na ɗora yatsa a kai na ce, "Wannan aikina ne." Ta cire tabarau ta goge.

Da a nan na tsaya, da yanzu muna tare kana ƙorafin gishiri. Amma sai alfahari ya kama ni. Na ce ta mayar da shi farko, wurin rubuce-rubucen nan da ke hawa sama. Na jira layin nan mai tsawo na kusa da ƙarshe, na dangwala yatsa na ce, "Ga sunan mijina nan." Yarinyar nan ba ta san komai ba, kada ka riƙe ta a zuciya. Ta matso ta karanta da ƙarfi: "Kujeru da labulaye daga shagon Lim da 'Ya'yansa."

Saling, da ke zaune tare da mu a ranar, ta miƙe ta ce shinkafarta tana ƙonewa. Ba ta ɗora shinkafa ba.

Shekara hamsin da bakwai, Cleto! Duk sanda aka sa fim ɗin nan a talabijin sai na tara maƙwabta, layin nan ya taho in sumbaci yatsuna in manna a gilashi. Ashe mai kujeru nake sumbata! Na bi Saling har kicin na ce, "Ke kin iya karatu. Kin sani?" Ta ce, "Kumare, duk layin nan mun sani. Har yaran da suka girma suka tafi Dubai sun sani. In yaro ya shiga aji biyu, uwarsa kan ja kunnensa ta ce, in Aling Petring ta nuna sunan, ka ce ya yi kyau." Maestra ta ce in sa a rubuta cewa ita ma tana ciki, kuma ba ta yi nadama ba.

Na yi kuka yini ɗaya. Ba zan ɓoye maka ba. Washegari ina wanke shinkafa sai dariya ta kama ni, har na zauna a ƙasa. Daga nan sai na tuna yadda aka yi, dariyar ta tsaya.

Silimar Avenida, nunin rana, ka saya mana dafaffiyar gyaɗa. Tiya Meding, ƙanwar mahaifiyata, zaune a tsakaninmu da laimarta, don ba a barin budurwa ta shiga duhu da saurayi ita kaɗai. Tun a hanya take cewa mai kiɗa ba miji ba ne, iska yake sayarwa. Rubutu ya fara hawa, ni kuma da bakina mai kaifi na ce da ƙarfi, don ta ji, "Cleto, nuna wa Tiya sunanka!" Me za ka yi? A zamanin nan duk kiɗan da aka yi a kamfanin, sunan shugaban makaɗa, Maestro Quiambao, ake sawa, ko da yana gida yana barci. Ka ga mata biyu da ba su san harafi ba, ɗaya tana son ka, ɗaya tana neman dalilin korar ka. Ka ɗaga hannun nan mai bandeji ka zaɓi layin da ya fi tsawo. Tiya ta ce, "To, sunan dai yana da girma." Da wannan ta yarda aka ɗaura mana aure. Ni na tura ka cikin ƙaryar nan, masoyina, kai kuma ka ɗauke ta shekara da shekaru kamar garwashi a aljihu. Da Misis Tolentino ta je wurinka ta ce ta riga ta nuna wa matarka fim ɗin tun daga rubutun farko, sai ka ce a rufe ƙofa. Kunya kake ji. Na sani. Kana ganin zan shigo in kalle ka in ga maƙaryaci a keken guragu.

To saurara, don ban gama ba. Sista, ki ɗaga murya a nan.

Na yi abin da ba ka ba ni izini ba. Gwangwanin biskit ɗin nan na kan kabad, wanda na ɗora a ka na ratsa ambaliya da shi ruwa har wuyana, na buɗe shi. Takardun kiɗanka, masu ɗige-ɗigen nan kamar tsuntsaye a kan igiyar shanya. Kai ka ce in ajiye, ban taɓa tambayar me ke ciki ba. Na kai wa Misis Tolentino, Maestra ta raka ni. Suka ce sunanka yana kusurwar kowane shafi, da kwanan wata, da rubutun hannunka, da wuraren da ka soke ka sake. Suka ce babu sauran gardama, kai ka yi shi. Sai Maestra ta buɗe farkon kashi na tsakiya, ta ƙura wa shafin ido. Na ce mene ne kuma, wani mai kujerun ne? Ta ce a'a. Ta ce akwai rubutu da fensir a sama. Ta karanta mini:

"Ga mai guga ta bayan bango."

Cleto. Cleto! Hannun da ke tafiya yana dawowa! Ɗigon ruwa daga yatsu! Tururi! Ashe ba hannuna ke bin kiɗanka ba, kiɗanka ke bin hannuna. Kana zaune a can kana jin dutsen gugana ta cikin katako, kana jin sanda na yayyafa ruwa, kana jin sanda tufa ta yi huci, tun ba ka san ko ni fara ce ko baƙa ba, ko mai ido ɗaya ce. Duk matan Manila da suka jiƙa hankicinsu a silima, a kan gugata suke kuka ba su sani ba! Ni da nake ganin ban bar komai a duniya ba sai riguna marasa tattara!

Kai wane irin wawa ne, abin ƙaunata? Abin da ba a rubuta ba ka ce an rubuta. Abin da ka rubuta da hannunka, ka bar ni ina ɗauke da shi a ka cikin ruwa, ko sau ɗaya ba ka ce, Petring, naki ne. Shekara hamsin da bakwai kana kunyar ƙaramar ƙarya, kana zaune a kan gaskiyar da ta fi gidan nan girma. In na shigo ɗakin nan, a kan wannan zan yi maka faɗa, ba a kan mai kujeru ba.

Asabar ɗin ƙarshen wata, da rana, za a nuna fim ɗin a babban ɗakin taro. Makaɗa sittin za su zauna a ƙarƙashin allo su kaɗa shi da rai, wata yarinya ce a kan piyano, an ce tana da hannu. Za a sa cikakken sunanka shi kaɗai a kan allo kafin komai ya fara: Anacleto Magtibay. Maestra ta zana mini shi a kwali, ina haddace siffarsa. Farkonsa kamar rufin ɗaki ne da sanda a tsakiya. Wannan karon ba wanda zai nuna mini. Sun ce kuma in hau dandamali in yi magana a gaban mutane, ni da ko a coci nake zama a layin baya. Zan hau in kana wurin. In ba ka nan, ban san wa zan kalla ba.

Amma ko wannan ba shi nake roƙo ba. In ba ka son taron, a bar taron. In ba ka son a ga hannunka na dama a lanƙwashe a kan cinya, zan rufe shi da mayafina, ko in riƙe shi a nawa, ba wanda zai gani. Abu ɗaya nake roƙo: Lahadi mai zuwa ka bari in shigo. Ka ƙirga da kanka, kai ka tsara abin. Na buga sau ɗaya, shiru. Na buga na biyu, shiru. Na buga na uku, har Sista ta ce in haƙura. Wannan ce ta huɗu, Cleto. Kai ka rubuta abin da ke faruwa a ta huɗu. Kada ka ƙaryata kiɗanka, shi ne abu ɗaya da bai taɓa yi mini ƙarya ba.

Zan zo da miyar, gishiri kaɗan. Zan zo da barong ɗinka a goge. In ba ka buɗe ba zan zauna a bencin bakin ƙofa har a tashi daga addu'ar yamma, in dawo wata Lahadin, in sake dawowa, har ranar da jifni zai iso babu ni a ciki. Ba ni da wani wurin zuwa. Ba ni da wani mutum. Tun ranar da na ƙona ka ban kalli kowa ba, kuma ba a tsufan nan zan fara ba, ko da Lim ɗin ne da kansa ya zo da 'ya'yansa da kujerunsa.

Maestra ta ce bari ta sa mini suna a ƙasa. Na ce a'a, ta kawo tawada. Ga babban yatsana nan na dangwala, yadda na dangwala a littafin coci ranar aurenmu, kai kana gefe kana ja wa sunanka doguwar jela. Yanzu hannun rubutun naka ya kwanta, ka dawo irina. Barka da zuwa, ba abin kunya ba ne, na daɗe a nan. Na sa an bar fili kusa da nawa. In ka yarda in shigo, ba sai ka yi magana ba. Sista ta shafa maka tawada ka dangwala, ta aiko mini da takardar. Da na hagu za ka yi, mai tabona. Wannan rubutun, ba sai an karanta mini ba.

Taka tun daga bayan bango, taka har a naɗe tawa katifar,

Petring